Ranar da Hukuma ta Maƙale a Kwalbati

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga kwalbati a gaban surukaina ba, ko da tsufa ya kwashe duk sauran abin da ke kaina. Ai ko na so in manta ma ba za a bar ni ba. Har gobe akwai tsofaffi a wani ƙauye da ke kan hanyar Gaya zuwa Ajingi (ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu ina zuwa can gaisuwar Sallah) waɗanda ba su san sunana na yanka ba, sai dai su ce Malam Kwalbati.

Lokacin ina matashin ma'aikaci a ofishin ayyuka na hukuma, ban daɗe da fitowa daga makaranta ba, kuma ina ji da kaina fiye da kima. Ina da sabon keke. Ina da biro biyu a aljihun gaba (ɗaya ba ta rubutu, ado ce kawai). Sannan ina da wani wando na yayi, ya matse a ƙugu ya buɗe a ƙasa har yana share hanya. Telan da ya ɗinka min shi a Kano ya rantse irinsa manyan ma'aikata ke sawa, ni kuwa na yarda, domin a wancan zamanin duk maganar da ta ɗaga ni sama ba na yi mata gardama.

Ina da aure, kuma matata Asabe 'yar ƙauyen nan ce. Da cikinta ya tsufa aka zo aka tafi da ita gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace, aka yi suna, ta ci gaba da wankan jego a gidan iyayenta. Ni kuma ina Gaya ina fama da tuwon saye, ba ni da bakin tambayar yaushe za ta dawo, balle in nuna ɗokin 'yar fari a ce ba ni da kunya. Mahaifinta, wanda nake kira Baba (har ya koma ga Allah ban taɓa kama sunansa ba), dattijo ne mai ƙarancin magana. Tsakanina da shi sai gaisuwa. In cire takalmi tun daga nesa, in tsuguna, in sunkuyar da kai, ya amsa yana kallon wani wuri daban, in tashi in ɓace.

A ranin shekarar aka ɗaga hanyar da ta bi ta gefen garinsu, aka zuba mata burji. Hukuma ce ta ba da aikin ga wani ɗan kwangila da ake kira Alhaji Mai Tifa. Da yake hanyar ta datse wani kwari da ruwan garin ya saba bi ya gangara fadama, sai aka ce ya yi kwalbati a wurin. Yadda ake irin wannan ƙaramin kwalbati a lokacin ba wani abu ne mai wuya ba. A samo gangunan mai na ƙarfe, a fasa kai da gindin kowace, a jera su baki da baki su zama dogon rami ɗaya, a zuba siminti a kansu, a rufe da ƙasa. Alhaji ya gama, wani daga ofishinmu ya je ya karɓi aiki, aka yi addu'a aka watse. Ni ban je ba. Zanen kawai na gani a kan tebur, kuma a zane kam kwalbatin nan ba shi da makusa.

Shekarun da suka gabata na fari ne, mutane sun sha wuya, an yi ta fita roƙon ruwa. To a wannan damina sai Allah ya buɗe. Wata rana da hantsi aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai tsagaita ba sai bayan la'asar. Ruwan ya gangaro kwarinsa kamar kullum, ya tarar hanya ta tare masa gaba, bai sami wurin wucewa ba, ya juya ya shiga gari. Gidajen kuwa duk na ƙasa ne. Katangu suka jiƙe suka zauna, ɗakuna suka rufta, rumbuna suka durƙusa da ɗan sauran hatsin da ake lallaɓawa don a kai kaka. Gidan Baba yana bakin kwarin, shi ya fi shan kashi. An fito da Asabe da jaririya ruwa iya gwiwa, jim kaɗan ɗakin da take jego ya zube. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Amma ana tsakiyar damina, gero bai fitar da kai ba, kuma gidan da ba rumbu a irin wannan lokaci kowa ya san abin da ke jiransa.

Na je na yi jaje, na tarar da su a raɓe a gidan maƙwabta. Hankalina ya tashi ƙwarai, amma kunya ba ta bar ni na ce komai ba bayan "Allah ya mayar da alheri."

Mutanen gari suka kai kuka wurin dagaci, dagaci ya kai gaba. Aka sa rana wakilin hakimi zai zo ya gani da idonsa, a kira ɗan kwangila, ofishinmu kuma ya turo mai magana da yawun hukuma. Nan ne maigidanmu na ofis, Malam Sule, ya kira ni. Mutum ne mai wayo, irin wanda in ruwa zai sauka shi ne farkon shiga rumfa.

"Kai za ka je," ya ce.

"Ranka ya daɗe, surukaina ne fa."

"Ai shi ya sa. Wa zai ɗaga murya a gaban mijin 'yarsa? Ka riƙe abu uku. Na ɗaya, ruwa na Allah ne, su da bakinsu suka roƙa. Na biyu, in ma akwai laifi na ɗan kwangila ne, su je su neme shi. Na uku, hukuma ba ta tsugunawa. In an zo magana, ka miƙe tsaye ka yi ta."

Na san abin da maganar nan take nufi. In hukuma ta zare hannunta, shi ke nan, ba wanda zai sami ko tiya ɗaya ta hatsi, domin wane manomi ne zai bar gonarsa a tsakiyar damina ya tafi birni farautar mai tifa? Raina bai so ba. Amma kada in yi muku ƙarya, wani gefe na zuciyata daɗi ya ji. Ni ne hukuma guda! A daren ban yi tunanin rumbun Baba ba kamar yadda na yi tunanin karin gugar wandona.

Ranar na isa da hantsi. An taru a gindin wata ɗorawa da ke bakin hanya, daf da kwalbatin. Wakilin hakimi yana kan kujera, dagaci a gefensa, Alhaji Mai Tifa ya jingina da motarsa yana cin goro. Mazan gari suna zaune a ƙasa, Baba a gaba da rigar aro da wani tsohon gwado a kafaɗa, wanda shi kaɗai ya tsira da shi daga ɗakinsa. Mata suna leƙe ta bayan 'yan zanakin da ruwa ya bari. Mace ɗaya ce ta fito fili ta zauna a kan turmi da sandarta, wato Iya Tabawa, mahaifiyar Baba, kakar matata. Ta tsufa har ta wuce a ce mata koma ciki. Kuma da yake kakar mata abokiyar wasa ce, ita kaɗai ce a duk gidan take da damar tsokanata. "Angona" take ce min, kuma ba ta taɓa raga min ba.

Na gaida wakili da dagaci yadda ya kamata. Matsalar ta fara ne da aka ce mai magana da yawun hukuma ya yi bayani. Na miƙe tsaye kamar yadda aka umarce ni, sai idona ya faɗa kan Baba yana zaune a ƙasa. Gwiwoyina da kansu suka fara lanƙwashewa. Na tuna Malam Sule, na ɗago. Na tuna surukina ne, na sake yin ƙasa. Na cire takalmi ɗaya saboda Baba, na tuna ni hukuma ce na bar ɗayan. A ƙarshe na tsaya a tsakiya, ba a tsaye ba ba a tsugune ba, kamar mai ciwon baya, kuma a haka na fara jawabi.

"Jama'a, hukuma tana yi muku jaje. Hukuma ta duba, ta ga ruwa dai daga Allah yake."

Baba bai dube ni ba, wakili ya fuskanta.

"Ranka ya daɗe, a gaya wa hukuma mun san ruwa na Allah ne, mun roƙa ya ba mu, mun gode masa. Amma tun kakanninmu ruwan nan ta kwarin nan yake wucewa, bai taɓa shigo mana ɗaki ba. Hanya kuwa mutum ne ya yi ta."

Na share gumi, na ɗauko magana ta biyu. Na ce in ma akwai gyara a aikin, to ai ga wanda ya yi shi nan. Alhaji ya zabura, ya ce shi an duba aikinsa an karɓa, kada wanda ya ɗora masa abin da bai ji ba bai gani ba.

"Mu ba mu san Alhaji ba," in ji Baba, har yanzu ga wakili yake magana. "Ba mu muka ɗauko shi ba. Ni in na ba makiyayi shanuna suka shiga gonar wani, mai gona wurina zai zo. Ni kuma in je in ji da makiyayina."

Wakili ya gyaɗa kai ya ce maganar ta tsaya a wuri ɗaya. In kwalbatin lafiyarsa ƙalau, ruwa ne ya fi ƙarfinsa, to sai haƙuri. In kuwa aikin ne ba a yi daidai ba, wanda ya ba da aiki kuma ya karɓa shi zai ɗauki nauyin ɓarnar, sannan ya je ya ji da wanda ya ba.

Da mai hankali ne a matsayina, da nan ya ja bakinsa ya ce a kawo leburori su duba. Ni kuwa sai na ga dama ta samu in nuna karatu. Na miƙe sosai, na manta da Baba, na ce kwalbatin nan an yi shi bisa ƙa'ida, ni da idona na ga zanensa, faɗinsa ya isa ƙato ya shiga ta nan ya fita ta can. Wani daga baya ya ce ai in an leƙa ba a ganin haske. Na ce ciyawa ce da yayi ruwa ya tara a ɗaya bakin. (Ba wanda ya taɓa shiga ya gani, domin dagaci ya hana kowa taɓa wurin, kada a ce mutanen gari ne suka ɓata kayan gwamnati.)

Sai muryar Iya Tabawa ta taso daga kan turmi.

"To angona, ai ga ƙato nan a tsaye da takalmi ɗaya. Shiga ta nan ka fita ta can mu gani. In ka fito in dama maka fura da hannuna."

Dariya ta ɓarke. Har wakili ya rufe baki da hannun riga. Alhaji Mai Tifa ya yi sauri ya ce, "A'a, ba sai an kai ga haka ba, Malam zai ɓata kayansa." Da ina da lura da na ga yadda goro ya tsaya masa a baki. Amma ni dariyar kawai nake ji, kuma na san a bayan zana akwai wadda take kallo da jaririya a hannu. Na cire ɗaya takalmin, na miƙa wa dagaci birona biyu, na nannaɗe hannun riga, na gangara.

Rub da ciki ake shiga, ba wata hanya. Ciki laka ce mai sanyi da ɗan ruwa kwance, ga wari, ga kwaɗi suna tsalle suna ba ni wuri. Duk inda ganga ta haɗu da ganga bakin ƙarfen yana da kaifi, an fasa shi da kurfi da guduma an bar shi haka, amma da yake ya lanƙwashe ne ya kalli ciki, mai shiga ba ya jin komai. Ina ja da gwiwar hannu ina cewa a raina, yanzu zan ga haske, in fito ta can, in karkaɗe riga, in dubi Iya. Har na shirya abin da zan gaya mata. Ina cikin shirya shi ne kaina ya daki wani abu.

Ƙarar da ta tashi, daga baya aka ce min har matan da ke bayan zana sun ji. Na ga taurari a cikin duhu. Na miƙa hannu na shafa. Ba laka ba ce, ba ciyawa ba ce. Ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe, lafiyayye, ko hudar allura babu. Gangar tsakiya ba a fasa gindinta ba. An jera ta yadda ta fito daga gidan mai, an zuba mata siminti, an karɓi aiki, an yi addu'a.

Tunanina na farko ba na jarumi ba ne. Cewa na yi in lallaɓa in koma da baya, in fito in ce laka ce ta taru, a bar maganar sai na sanar da ofis. Na fara ja da baya. Sai bakin ƙarfen nan da ya bar ni na wuce salin alin ya kama ƙugun wandona ya riƙe. Na yi gaba, ƙarfe. Na yi baya, ƙarfe. Na gwada juyawa, ba wuri. Numfashina ya fara sama sama. Ana cikin haka wani abu mai sanyi ya sauka a bayan wuyana ya fara tafiya. Kwaɗo ne, yanzu na sani. A lokacin kuwa duk macizan da ruwa ya koro daga ramukansu su na gani.

"Wayyo Allah! Wayyo Inna! A toshe yake! Wallahi a toshe yake, ba a fasa ganga ba! Ku fito da ni!"

Ban san cewa kwalbati yana ƙara wa murya ƙarfi ba sai ranar. Maganar ta fita tamkar a lasifika. Na ji gudun ƙafafu, na ji hayaniya a bakin ramin, sannan na ji sanda tana ƙwanƙwasa ƙarfe, da muryar da na fi tsoro.

"Ku dakata tukuna. Angona, kana jina?"

"Ina ji Iya, ku ja ni!"

"Ruwan nan da ya cinye mana rumbu, laifin wa?"

"Namu ne! Wallahi namu ne Iya, mu muka karɓi aikin! Ku ja ni don Allah!"

"Ranka ya daɗe, ka dai ji da kunnenka," ta ce da wakili. "To ku jawo min mijina."

Wani ƙanin Baba ya kutsa ya ɗaura min igiyar guga a idon sawu, maza suka kama suka ja kamar masu ɗebo ruwa a rijiya. Da farko ban motsa ba. Suka ƙara ƙarfi. Sai na ji wani dogon kiiii, na ji iska ta taɓa ni a inda ba ta saba ba, na taho suuu a kan laka. Na fito, amma wandon bai fito ba. Yana can har aka fasa kwalbatin.

Ku ƙaddara hoton da kanku. Mai magana da yawun hukuma, kwance rub da ciki a bakin kwari, laka tun daga gashi har tafin ƙafa, ƙulu a goshi, daga shi sai 'yar riga da ɗan kamfai, igiyar guga a ƙafa, kuma bayansa ne ke fuskantar zanan da mata suke. A gaban wakilin hakimi. A gaban dagaci. A gaban Baba. Iya Tabawa kuwa ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa.

"Barka, barka! An sauka lafiya! Da ƙafa ya fito, amma namiji ne!"

Mutane kan ce kunya ta sa sun ji kamar ƙasa ta tsage su shige. Ni ban ma sami wannan gata ba, don daga cikinta aka jawo ni. Na kifa fuska a laka na ƙi ɗagowa. Dariya ake yi irin wadda ke sa mutum ya riƙe ciki, har da waɗanda ɗakunansu suka rushe, waɗanda na tabbata tun ranar ruwan ba su dara ba. Hawaye na gaske suka zo min.

Sai na ji dariyar tana raguwa, tana raguwa, har ta ɗauke. Na ji takun mutum ɗaya. Na saci kallo ta gefen ido, na ga Baba ne yake tahowa, ya kawar da fuskarsa gefe don kada ya gan ni. Ya sauke gwadon nan nasa daga kafaɗa, ya lulluɓa min tun daga wuya har ƙafa, ya sunkuya ya kwance igiyar da hannunsa.

"A ba shi wuri," ya ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya koma ya zauna.

Sauran abin da ya faru a gindin ɗorawa daga nesa na ji shi. Wakili ya sa aka zura doguwar gora ta ɗaya bakin, ita ma ta je ta daki ƙarfe. Alhaji ya yi ta rantsuwa cewa leburori ne suka cuce shi. Wakili ya ce wannan tsakaninsa da waɗanda suka ba shi aiki ne, shi dai abin da zai kai gaba shi ne abin da ya ji daga bakin hukuma, ko da yake daga cikin rami ta yi maganar.

Ni kuma aka raka ni bayan wani zana. Ba ruwan zafi a unguwar sai na wankan jegon Asabe, shi aka ɗebo min a ƙwarya, da ganyensa da komai. Iya ta bi gida gida tana shelar cewa yau masu jego biyu gare ta. Ta kuma cika alkawari ta dama fura ta aiko, duk da ban fita ta can ba. Ga yunwa kamar ta kashe ni, amma ina ni ina shan fura a gidan surukai, musamman a wannan rana? Na hau keke da wandon aro mai zariya na koma Gaya ta bayan gari.

Malam Sule ya riga ya ji labari kafin in shiga ofis.

"Na ce maka hukuma ba ta tsugunawa," ya ce, "shi ne ka je ka kwantar da ita rub da ciki."

Na sa rai da kora. Amma magana ta riga ta yi nisa, kuma ba yadda za a ƙaryata abin da mutumin ofis ya rantse a kai a gaban gari guda. Manya suka zauna suka ce gaskiya ne, wanda ya ba da aiki ya karɓa ba tare da ya leƙa ba shi ke da alhakin abin da aikin ya jawo. Ba a rana ɗaya aka yi ba (hukuma ce fa), amma kafin yunwa ta kama mutane sosai motar hatsi ta shiga ƙauyen, kowane gidan da rumbunsa ya faɗi ya samu. Da ruwa ya ɗauke aka kawo azara da magina aka tayar da ɗakuna. Alhaji Mai Tifa kuma aka tsare shi sai da ya fasa kwalbatin ya sake wani da aljihunsa, babba, wanda jaki ma zai iya bi. Ni ba a kore ni ba. Duba kwalbatoci aka mayar aikina, wai tunda na saba.

Bayan kaka, Asabe ta daɗe da dawowa ɗakinta, muka je ƙauyen ganin gida. Ina raɓe a bayan zaure ina jiran baƙi su tashi in shiga gaisuwa, sai na ji wani baƙo daga Ajingi yana tambayar Baba labarin surukin nan nasa da ya maƙale a rami, yana 'yar dariya. Baba ya bari ya gama dariyarsa.

"Yaron nan ya san a toshe yake," ya ce. "An aiko shi da magana, ba shi da ikon ya saɓa, ga kuma iyalinsa a cikin waɗanda abin ya shafa. Sai ya shiga da kansa don kowa ya gani. Ba kowa ne zai ɓata kayansa saboda mutane ba. Ka ga sabon rumbun can? Shi ya tayar da shi."

Na tsaya kamar an dasa ni. Ni da na shiga ramin nan don in ƙaryata shi a gaban jama'a! A hanyar komawa na kasa haƙuri na gaya wa Asabe abin da na ji, na tambaye ta ko da gaske Baba haka ya ɗauka. Ta gyara goyonta, ta dube ni ta gefen ido.

"Baba ba yaro ba ne," ta ce. "Ya san abin da ya kai ka, ni ma na sani. In kana da hankali ka yi shiru ka karɓa."

Na yi shiru na karɓa. Sau biyu ke nan dattijon nan yana lulluɓe ni, kuma na biyun ya fi gwado kauri. Tun daga ranar na ɗauki aniyar in zama mutumin da ya faɗa wa baƙon nan, tunda ya riga ya yi min shaidar da ban cancanta ba, kuma na yi sauran shekarun aikina ina ƙoƙarin cim mata. Ban sake karɓar kwalbati daga hannun ɗan kwangila ba sai na durƙusa na leƙa na ga haske ta ɗaya bakin, ko wane ne shi, ko me zane ya nuna.

Darasin da zan bar wa na baya shi ne, kada ka rantse a kan abin da a takarda kawai ka gan shi. In kuma tsautsayi ya sa sai ka shiga rami, to ka tabbata kakar matarka ba ta wurin, kuma ka sa wando mai zariya.